Giwan Ruwa Ba Ya Duba Kyan Sanda

A wannan wata za mu sauka bakin kogi ne. Dalilin haka kuwa shi ne wani tsohon ɗalibinmu da ya yi mana sallama bayan La'asar, ya zauna a bakin tabarma fuskarsa ba walwala, ya kwance wani buhu a gabanmu. A ciki akwai sandar fatsa mai sheƙi irin wadda ake zuƙewa kamar eriyar rediyo, da kwarkwaron naɗe zare, da kifayen roba masu launi kala-kala. Ya ce, "Malam, kuɗin da na tara na wata huɗu a kan babur ke nan. Jiya a duwatsun Wango wani abu ya kama, ban ƙirga goma ba zare ya tsinke. Wani tsoho Bayakome da ke gefena, da zarensa naɗe a guntun katako, shi ya tafi gida da kifi."

Muka duba kayan ɗaya bayan ɗaya, muka ce masa, "Ɗana, kifin bai zalunce ka ba. Ka sayi abin da ido ke so, ka bar abin da ruwa ke nema." Da yake mun san ba shi kaɗai ne ya yi wannan asara ba, sai muka ga ya kyautu mu baje maganar a nan domin kowa ya amfana.

Sunan unguwarmu ma ya faɗi nisanmu da ruwa, domin kuwa daga tsakiyar gari, kusa da gaɓar Ubangi, aka fara ƙirga kilomita biyar ɗin. Amma tun rikicin Disamba 2013, an yi shekaru wannan 'yar tafiya tana gagarar mutanenmu, har yara da dama suka girma ba su san kogi ba sai a labari. Yanzu da ƙafa ta sake, samari sun fara neman abin miya da ɗan abin kashewa a bakin ruwa, ga shi kuwa dattawan da za su nuna musu hanya sun yi ƙaranci. Alhali su ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Kakanninmu Sarkawa da Kabawa sun yi suna a kansa, bikin Argungu yana gudana tun 1934, kuma har gobe masuntan Hausa suna nan cike a gaɓar Tafkin Chadi.

San kifinka tukuna

Wanda zai sayi kayan fatsa, tambayar farko da zai yi wa kansa ita ce: wane kifi nake nema, kuma a wane ruwa? In ƙarfasa ce ko kurungu ko 'yar tarwaɗa, gorar daji da zare siriri da tana sun wadatar, babu dalilin kashe jaka ko ɗaya a kan kayan kanti. Amma wanda samarinmu ke mafarki shi ne giwan ruwa, wanda ake kira kafiten a nan Bangi, wanda maƙwabtanmu ke naɗewa a ganye su gasa su kira shi maboke. Wannan kifi yana iya kai tsawon mita 2, masana kuma sun ce nauyinsa kan kai kilo 200, ko da yake wanda mai fatsa zai yi karo da shi galibi bai kusanci haka ba.

Halinsa shi ne kwanton ɓauna. Yana laɓewa a bayan dutse ko ƙarƙashin itacen da ya nutse, inda ruwa mai gudu ya haɗu da mai sanyin tafiya, ya jira ƙaramin kifi ya gifta, ya buɗe baki ya zuƙe shi gaba ɗaya. Da ya ji ƙugiya sai ya nufi cikin duwatsu, ko ya yi tsalle sama yana girgiza kai. Haƙoransa ƙanana ne masu kaushi kamar tsakuwa, marfin kunnensa kuwa yana da kaifi da ƙayoyi. A cikin ruwan nan kuma akwai tsage, har da babbansa da mutanen ƙetare ke kira mbenga, mai haƙora kamar ƙusoshi.

To, ga inda matsalar take. Yawancin sanduna da kifayen roba masu araha da ke shigowa kasuwanninmu an ƙera su ne domin ƙananan kifayen ƙasashen sanyi, musamman wani kifin Amurka da suke kira bas. Shi ma ɗan kwanton ɓauna ne, shi ya sa kotonsa ke yaudarar giwan ruwa. Sai dai wanda ya kafa tarihi a cikinsu, wanda aka kama a jihar Jojiya a 1932, kilo 10 ne da 'yan kai. Abin da yake abin tarihi a can, a nan matashin kifi ne. Ke nan koton zai jawo kifin, amma ƙugiyar da ke jikinsa da zaren da aka haɗo shi da shi ba za su riƙe shi ba.

Zare da ƙugiya su ne gaba

Idan kuɗinka kaɗan ne, fara da zare, sa'an nan ƙugiya, sa'an nan kwarkwaro, sanda ta zo ƙarshe. Tsohon nan na Wango ba shi da sanda ko kaɗan, amma ya san zarensa.

Zaren nailan, wanda kamfanin DuPont na Amurka ya fara sayar wa masu fatsa a 1939, shi ne ya fi dacewa da mai koyo. Yana da sauƙin ɗauri, yana ɗan miƙewa idan kifi ya fizga, yana kuma jure gogar dutse. Ana rubuta kaurinsa a jikin kwali. Mai kauri 0.30 na milimita yana ɗaukar wajen kilo 6 zuwa 7, ya isa ƙarfasa da tarwaɗa. Giwan ruwa kuwa a nemi 0.50 ko 0.60, wanda ke ɗaukar tsakanin kilo 15 da 25, gwargwadon ingancinsa. Akwai kuma zaren saƙa, siriri mai ƙarfin gaske, sai dai yana da tsada, dutse mai kaifi na yanke shi nan take, kuma in ka naɗe shi a hannu kifi ya ja, sai ya tsaga maka yatsa.

Kada a yarda da rubutun kwali kawai, sai an gwada akan san na ƙwarai. Gwajin kuwa ɗalibin aji huɗu ma ya san lissafinsa: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Yanki kamu biyu na zaren, ka ɗaura a bokiti, ka naɗe ɗaya gefen a sanda, ka riƙa zuba ruwa kana ɗagawa a hankali. In kwali ya ce kilo 15 amma zare ya tsinke a lita 6, ka san ya tsufa. Rana ita ce babbar abokiyar gabar nailan, don haka zaren da ya daɗe a shanye a kan tebur a kasuwa, wanda ya yi fari-fari ya bushe, a bar wa mai shi abinsa.

Za ka lura kuma cewa kusan kullum a wurin ƙulli yake tsinkewa. Kowane ƙulli yana rage ƙarfin zare. A jiƙa shi da yawu kafin a ja shi ya ɗaure, domin gogayya a bushe tana ƙona nailan. A ƙarshen zaren kuma a ƙara guntu mai kauri, 0.80 zuwa milimita 1, tsawon hannu guda, wanda zai jure bakin kifin da kaifin kunnensa. In wurin tsage ne, wannan guntu sai na waya, domin ba nailan ɗin da ke tsira daga haƙoransa.

Ita ƙugiya gwajinta biyu ne. Ka matsa ta da filaya a hankali: in ta buɗe da sauƙi, giwan ruwa zai miƙar da ita kamar allura. Sa'an nan ka ja tsininta a kan farcen babban yatsa: in ta kama ta yi kaifi, in ta zame sai a wasa ta. Duk kifin robar da ka saya, cire ƙugiyoyinsa da 'yan zobban da ke riƙe da su, ka sa masu kauri. Wannan ɗan aiki shi ne ya raba ɗalibinmu da kifinsa, domin mun tarar da ƙugiya biyu a miƙe tun kafin zaren ya tsinke.

Kwarkwaro da sanda

Kwarkwaron naɗe zare, wanda 'yan kasuwa ke kira muline da Faransanci, amfaninsa na ga birkinsa. Shi ne ke sakar wa kifi zare a hankali idan ya ja da ƙarfi, har ya gaji. A ɗaure birkin daidai kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin zaren, ko ƙasa da haka kaɗan. Wato zaren kilo 15 ya fara saki a kilo 4 zuwa 5, bokitin nan dai shi zai gaya maka. Kafin ka biya, ja zaren da hannu: in yana fita sumul, madalla, in yana fizge-fizge, ajiye shi. Ya kuma zama yana cin zare aƙalla mita 150.

Sanda kuwa a nemi mai tsawon mita 2.4 zuwa 2.7, mai gaɓa biyu, mai ƙarfi a gindi da laushi a kai. Mai zuƙewa irin ta ɗalibinmu tana da daɗin ɗauka a kan babur, amma kowace gaɓa wurin karyewa ce. Ta zaren gilashi ta fi nauyi, ta kuma fi jure wahala da faɗuwa a kan dutse. Ta kabon ba ta da nauyi, sai dai tana da saurin tsagewa, kuma wutar lantarki na bin ta, saboda haka da hadari ya taso a kwantar da ita a bar bakin ruwa. A zura 'yar auduga cikin kowane zoben sandar: in ta maƙale, akwai tsaga a wurin, kuma tsagar nan za ta ci zare a ɓoye.

Koto da lokacinsa

Kada kowa ya ɗauka koton yaudara sihirin Turawa ne. Shahararren ɗan kifin nan na Rapala, wani matalaucin masunci ne a ƙasar Finlan, Lauri Rapala, ya sassaƙa shi da wuƙa a 1936, ya lulluɓe shi da takardar azurfa ta alewa, bayan ya lura cewa babban kifi ya fi kai wa mai rauni hari. Abin da ake nema ke nan: koto ya yi iyo kamar kifin da ya ji ciwo. Uku sun isa mai farawa: ɗan kifi mai dogon leɓe da ke nutsewa ƙasa, tsawon santimita 12 zuwa 18, da cokalin ƙarfe mai walƙiya, wanda maƙeranmu ma za su iya fitarwa daga tsohon cokali, da kuma kifin roba mai laushi da kan darma. Wanda ba shi da ko ɗaya, ƙaramar ƙarfasa mai rai a kan ƙugiya ɗaya mai ƙarfi ta fi su duka.

Launi kuma ruwa ke zaɓa. Ubangi yana cika ne wajen Oktoba da Nuwamba, kowa ya tuna ambaliyar 2019. A lokacin ruwan ya yi ja, kifi bai gani sosai, sai a sa koto mai launin rawaya ko ja, ko mai ƙara a ciki. Daga Fabrairu zuwa Afrilu ruwa ya ja baya ya washe, duwatsu sun fito, sai a koma mai launin azurfa. Wannan ne lokacin mai fatsa. A cikin yini kuwa, bayan Asuba zuwa hantsi, da kuma bayan La'asar zuwa gab da Magariba.

Kafin a sauka

Kogin nan yana da masu shi. Yakoma da Sango da Banziri sun gaji ruwan nan kaka da kakanni. A yi musu sallama, a tambayi inda aka kafa raga don kada a jefa koto a kai, a kuma saurari gargaɗinsu game da wurare masu zurfi. Kada wanda bai iya iyo ba ya hau dutse mai santsi, kada kuma a tafi mutum ɗaya. A tuna cewa ƙetaren can Zongo ce, ƙasar Kwango, mai kwalekwale ya san iyakarsa. Ƙaramin giwan ruwa a mayar da shi, bai hayayyafa ba tukuna. Masu zuba guba a ruwa da masu su da gidan sauro kuwa, abincin 'ya'yanmu suke ƙonewa, a hana su.

Shi ɗalibin namu bai jefar da sandarsa ba. Ya bar ta wa ƙarfasa, ya sayi zaren 0.60 da ƙugiyoyi shida, kuma mun ji yanzu kusa da tsohon nan yake zama yana koyon ƙulli. Mun gaya masa ranar da ya dace, kan kifin na Malam ne.

Allah Ya ba mu sa'a, Ya tsare mu da sharrin ruwa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.