Mai Ciwon Sukari da Idonsa

Wataƙila ka san wani dattijo a garinku wanda ya daɗe da ciwon sukari, sannan ganinsa ya riƙa raguwa har ya kai sai an yi masa jagora. To, ga dalilin wannan.

A can bayan ƙwayar idonka akwai wani tantani, shi ne ke karɓar haske har ka ga abu. A cikinsa akwai jijiyoyin jini ƙanana ƙwarai, sun fi gashin kai siranta. Idan sukari ya yi yawa cikin jini shekara da shekaru, sai jijiyoyin nan su lalace, su riƙa yoyo. Mugun abin shi ne, da fari ba ka jin zafi, ba ka kuwa ganin wata alama.

Ka sani kuma maiƙon da muke ci ba iri ɗaya ba ne. Akwai kitse da man shanu, masu daskarewa in sun huce. Akwai man gyaɗa. Akwai kuma wani irin maiƙo a jikin kifi kamar sardin da titus, likitoci na ce masa omega-3. Tantanin nan na ido yana ɗauke da irin wannan maiƙo da yawa.

A ƙasar Sifen likitoci sun bi sawun masu ciwon sukari 3,482, dukansu manya, har wajen shekara 6. Suna tambayar abin da kowa ke ci. A 2016 suka ba da labari cewa waɗanda ke samun maiƙon nan gwargwadon cin kifi sau 2 a mako, cutar da ke makantarwa ba ta kama su kamar sauran ba, ta ragu kusan da rabi. Amma a Ingila an gwada mutum 15,480. Rabinsu aka ba su man kifi na ƙwaya kullum, rabi aka ba su ƙwaya marar shi. A 2024 aka bayyana cewa ƙwayar ba ta kare idonsu ba.

Saboda haka kada ka ɓarnatar da kuɗinka wajen sayen ƙwayar man kifi don ido. Gara ka sayi kifin kansa, a sa maka a miya ko a gasa, sau 2 a mako, ka rage kitse.

Amma fa kifi ba ya maye gurbin magani. Abin da ya fi tsare ido shi ne ka sha maganinka yadda likita ya ce, ka kula da sukari da hawan jini. Ka je asibiti a duba bayan idonka sau 1 kowace shekara, ko da kana gani sarai. In an gano cutar da wuri, akwai aikin da za a yi a tsai da ita. In ka jira sai duhu ya sauko, sau da yawa ganin da ya tafi ba ya komowa.