Jarabawar rezo da tsaron intanet: yadda matasan Magarya da Dungas za su shirya ba tare da asarar kuɗi ba

Layin intanet na ƙarƙashin ƙasa da ya taso daga Damagaram ya bi ta Magarya zuwa Tinkim, bakin iyakar Najeriya, wani reshe ne na babban aikin da Bankin Raya Afirka ya tallafa wa domin haɗa Nijar da maƙwabtanta. Sai dai shimfiɗa waya ba ya wadatarwa. Bankuna, kamfanonin salula, gidajen aika kuɗi da ƙungiyoyin agaji duk suna buƙatar masu haɗa na'urori, masu gyaran rezo da masu kare bayanan jama'a daga ɓarayin intanet. A wannan fanni, bayan diplom, masu ɗaukar aiki sukan nemi takardar shaidar ƙwarewa irin wadda Cisco da CompTIA ke bayarwa. Ba a sharɗanta bak ko digiri kafin zama waɗannan jarabawowi, amma suna da tsada, kuma wanda ya faɗi sai ya sake biya.

Zaɓi ɗaya, a san farashinta

Ga mai farawa, guda biyu suka fi suna. CCNA ta kamfanin Cisco, mai lamba 200-301, ta shafi haɗa rezo da tafiyar da shi. Ana yin ta cikin minti 120, kuɗinta dalar Amurka 300, wato sama da sefa dubu 160. Security+ ta CompTIA, mai lamba SY0-701, ta shafi tsaro: tambayoyi har 90 cikin minti 90, ana cin ta da maki 750 daga cikin 900, kuɗinta kuma ya haura dalar Amurka 400. Ita kuwa CISSP da ake yawan ambata, sai mai shekara 5 a bakin aiki ake ba cikakkiyar shaidarta, don haka ba ta mai farawa ba ce.

Wanda bai san yadda kwamfuta biyu ke magana da juna ba, ya fara da rezo kafin tsaro, domin ba a gadin gidan da ba a san ƙofofinsa ba. Kada kuma a haɗa shirin jarabawa biyu lokaci guda. Taura biyu ba ta taunuwa.

Maganar harshe

Duka biyun ba a yin su da Faransanci, sai Ingilishi ko wasu harsuna na nesa. Ga wanda ya yi lakwal da Faransanci, dabara ita ce ya fahimci darasi da harshen da ya iya, amma ya haddace sunayen abubuwa da Ingilishi tun ranar farko. Makarantar Cisco ta intanet, Networking Academy, tana da darussa na kyauta, wasu da Faransanci. A nan ƴan kan iyaka suna da sa'a: wanda ya yi karatu ko ci-rani a Kano, Daura ko Babura ya riga ya ɗan saba da Ingilishi, yana iya zama abokin karatun wanda bai saba ba.

A fara da jerin abin da za a tambaya

Kowane kamfani yana wallafa jerin batutuwan jarabawarsa kyauta, tare da nauyin kowane ɓangare. A Security+ ɓangarori 5 ne: ayyukan tsaro na yau da kullum kashi 28 cikin 100, barazana da hanyoyin kariya 22, tsarin gudanarwa 20, fasalin ginin tsaro 18, ka'idojin farko 12. Wannan jeri shi ne ma'aunin raba lokaci. Mai karatun awa 2 a rana, kwana 6 a mako, zai tara awa 144 cikin mako 12. Ɓangaren farko ya cancanci kusan awa 40, na ƙarshe kuma awa 17. A buga jerin a takarda, a riƙa sa alama gaban abin da aka iya. CCNA takan ci lokaci fiye da haka saboda yawan aikin hannu.

Hadda ta fi maimaita kallo

Yawancin masu shiri suna ɓata makonni wajen kallon bidiyo da sake karanta littafi, har su ɗauka sun iya domin abin ya zame musu sananne. A 2006 masu bincike biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, sun gwada ɗalibai: bayan mako guda, waɗanda suka yi ta maimaita karatu sun tuna kashi 40 cikin 100, waɗanda suka rufe takarda suka yi ta gwada kansu sun tuna kashi 61. Tun 1885 Bajamushe Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a kwanakin farko, kuma bita da tazara ke rage ta.

Malaman allo sun daɗe da sanin haka: ba a wanke allo sai almajiri ya biya da ka, sannan tilawa ta biyo baya. Haka za a yi a nan. Bayan kowane darasi a rufe waya, a rubuta abin da aka tuna, sannan a duba inda aka kuskure. A koma kan darasin washegari, bayan kwana 3, bayan mako, bayan mako 2. Manhajar AnkiDroid kyauta ce, tana tsara wannan bita da kanta, kuma tana aiki ko babu rezo.

Aikin hannu, cikin doka

Duka jarabawowin suna da tambayoyin da ake ba mutum matsala ya warware a kan allo. Packet Tracer na Cisco yana ba da damar haɗa rezo na gwaji a kwamfuta ɗaya, ba tare da sayen na'ura ba. Lissafin raba adireshin IP kuwa biro da takarda sun isa, ko an ɗauke wuta. Inda forfe ke da tsada, a sauke darussa lokacin da rezo ya yi kyau, a raba tsakanin abokai. Gwajin kutse kuma sai a kan na'urar mutum ko dandalin da aka tanada don koyo. Dokar 2019 kan laifukan intanet a Nijar ta hukunta shiga na'urar wani ba da izini ba, kuma "ina koyo ne" ba hujja ba ce gaban alƙali.

A guji tambayoyin sata da ake sayarwa a WhatsApp da Telegram da sunan ainihin jarabawa. Wasu tsofaffi ne, wasu amsoshinsu kuskure ne, kuma kamfanonin suna soke shaidar wanda aka kama.

Ranar jarabawa

Kada a biya sai an riƙa samun kashi 80 zuwa sama a gwaje-gwajen da ba a taɓa gani ba, da agogo a gaba. Kamfanin Pearson VUE ne ke shirya zaman, ko a cibiya ko daga gida. Zaman gida yana buƙatar kyamara, ɗaki shiru da ba mai shiga, da rezo da wutar da ba za su yanke ba. In sun yanke, kuɗin na iya tafiya. Mai shakkar rezon garinsu ya duba jerin cibiyoyi a shafin kamfanin, ya lissafa kuɗin mota da masauki. Sunan rajista ya zama daidai da na katin shaida ko fasfo harafi da harafi: wanda takardarsa ta ce Mahamadou kada ya rubuta Muhammadu.

A Security+ ana iya tsallake tambaya mai wuya a dawo mata daga baya. A CCNA ba a komawa baya, don haka a amsa kafin a wuce. Shaidun biyu suna aiki shekara 3, sannan a sabunta. Wanda ya samu, ya nemi inda zai taɓa na'ura ta gaske, ko da gyaran rezon wata makaranta ko asibitin garinsu ne, domin ranar neman aiki abin da hannu ya taɓa yi za a tambaya.