Nahawun da ke tsakanin hannu da sarari: darasi daga harshen Auslan

Har yanzu akwai masu ilimi da ke ɗaukar maganar hannu ta kurame a matsayin kwaikwayo kawai, wanda ba shi da ƙa'ida. Harshen Auslan na kuramen Ostareliya ya isa ya kawar da wannan zato.

Auslan ya samo asali daga maganar hannu ta Birtaniya, ya kuma kafu bayan buɗe makarantun kurame a Sidni da Malbon a 1860. Masanin harshe Trevor Johnston ne ya raɗa masa wannan suna, ya kuma fitar da ƙamusunsa na farko a 1989. Ƙidayar 2021 ta nuna sama da mutum 16,000 ke amfani da shi a gida.

Kowace kalma a Auslan tana da ginshiƙai biyar: siffar hannu, inda tafi ya fuskanta, wurin da aka yi ta, motsi, da yanayin fuska. Kamar yadda tsawon wasali ke raba garin Kano da garin tuwo, haka canza ginshiƙi ɗaya ke canza ma'ana. Ɗaga babban yatsa yana shiga kalmomi masu nuni ga abu mai kyau, ƙaramin yatsa kuwa ga maras kyau. Manuni a tsaye kan wakilci mutum, shimfiɗaɗɗen tafi kuma mota. Idan suka haɗu da motsi, an gina jimla guda a kan wanda ya tunkari wane.

Sararin da ke gaban mai magana shi ne allonsa. Yakan ajiye malami a dama, ɗalibi a hagu, sannan nuni ga kowane gefe ya zama wakilin suna. Idan aikatau “ba” ya tashi daga dama zuwa hagu, malami ne ya ba ɗalibi. Aka juya shi, ma'ana ta juya. Lokaci ma yana da gurbi: abin da ya shige yana bayan kafaɗa, mai zuwa yana gaba. Ɗaga gira kan mayar da zance tambaya.

Wannan ya shafe mu, domin kuramen Kano suna da tasu maganar hannu, wadda Constanze Schmaling ta wallafa nazari a kanta a 2000. Yaron da aka hana shi harshen hannu da sunan koya masa magana, an hana shi nahawun da zai yi tunani da shi. Ya kamata sassan nazarin harshe na jami'o'inmu su ba wannan fanni kujerarsa.