Jaririn da Ya Faɗo Bai Yi Kuka Ba

Manoman Kura da Bunkure, waɗanda ruwan madatsar Tiga ya mayar musu da rani lokacin noma tun bayan kammala ta a 1974, sun san cewa shinkafar da ruwa ya yanke mata sa'ad da take fitar da kai ba ta komawa daidai, ko da an cika mata fangali daga baya. To, haka sha'anin ƙwaƙwalwar jariri yake game da numfashi.

Akan sami jaririn da ya cika wata tara cif, ga ƙiba ga kyan halitta, amma ya faɗo shiru, jiki sake, leɓɓa sun yi shuɗi. Galibi kuwa musabbabin yana cikin naƙudar ne. Idan mace ta kwana ta wuni a durƙushe, musamman mai cikin fari wadda kunya ta hana ta faɗa da wuri, ko jijjiga ta kama ta saboda hawan jini, ko jini ya ɓalle, ko ɗan ya zo a gicciye, ko faya ta fashe da koren ruwa, to iskar da yake samu ta cibiya takan ragu tun bai fito ba. Mafi muni, a ganina, shi ne allurar naƙuda da wani mai kemis zai yi a ɗaka, alhali ƙugu ya kasa ba da hanya.

Likitoci sun ɗauki minti na farko da muhimmanci ƙwarai, har wata likitar Amurka, Virginia Apgar, ta tsara ma'auni a 1952 don duba numfashi da bugun zuciya da launin jiki. Abin da ake bukata a wannan minti shi ne a tsane jaririn, a shafa bayansa, in bai motsa ba a ɗora masa 'yar jakar roba a hanci da baki a hura masa iska. Yayyafa ruwan sanyi da buga kwano a kunnensa ɓata lokaci ne kawai.

Ajali dai na Allah ne, amma shari'a ba ta hana riƙo da sababi ba, ga kuma babban asibitin Kura a kusa, ga na Murtala da na Malam Aminu Kano a birnin Kano. Jaririn da ya rayu bayan irin wannan wahala, idan ya ƙi kama nono ko ya riƙa zabura a kwanakin farko, asibiti ya kamata a kai shi, domin daga wannan wahalar ne farfaɗiya da sandarewar gaɓoɓi da jinkirin zama da magana kan samo asali, waɗanda daga baya akan jingina wa iskoki.