"Loot" da "Plunder": Ina Matsayin "Ganima" a Fassara?

Manufar wannan ɗan bayani ita ce jawo hankalin masu fassara ga kalmomi biyu na Ingilishi. Kalmar "loot" daga harshen Hindi Turawa suka aro ta a ƙarni na 18, ana kuwa amfani da ita ga ɗibar kaya lokacin yaƙi ko tarzoma, watau kusa da "wasoso". Ita kuwa "plunder" asalinta Jamusanci ne; ta shiga Ingilishi a ƙarni na 17, tana nufin washe gari da ƙarfin makami.

To, inda gizo ke saƙar shi ne, wasu kan fassara duka biyun da "ganima". Alhali ganima, wadda muka aro daga Larabci, dukiyar halaltaccen yaƙi ce da shari'a ta tsara rabonta, har a fitar da humusi. Idan muka ce 'yan bindigar da suka auka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum a watan Janairu 2022 sun "kwashi ganima", ashe mun halalta musu abin da suka ɗiba ke nan. Manomin Gummi da aka kore wa shanu ba zai taɓa kiran wannan ganima ba. "Fashi" zai ce, ko "ƙwace".