Murhun Zamani da Tukunyar Tuwo a Ƙasar Shagari

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga zuwa Shagari zai ga dammunan itace jibge a bakin titi suna jiran mai saye. Kusan dukkansu a murhun duwatsu uku za su ƙare, inda akasarin zafin wutar ke tsiyayewa ta gefen tukunya, hayaƙin kuwa ya shige ƙirjin uwargida da goyonta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa irin wannan hayaƙi na cikin gida ya halaka mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020.

An daɗe ana neman maganin abin. Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a Sakkwato a 1982, ta ƙera murhuna masu tsimin itace. A cikin shekarun 1980 kuma, maƙeran Yamai ta Jamhuriyar Nijar, da taimakon Bankin Duniya da Jamusawa, sun yi ta ƙera wani murhun ƙarfe da ake kira Mai Sauƙi. Hikimarsa ita ce kowace tukunya da nata awon murhu, watau wuta ba ta da hanyar fita sai ta lashi jikin tukunya.

Daga baya ƙungiyar Atmosfair ta Jamus ta haɗa gwiwa da ƙungiyar DARE ta Kaduna suka kawo Save80, wanda masu shi suka ce yana rage cin itace da kashi 80 cikin ɗari. Da farko daga Jamus ake aiko sassansa a harhaɗa a nan, kafin a kafa masana'antarsa a Kano. Ita ma Gwamnatin Tarayya ta amince da kashe Naira biliyan 9.2 a 2014 domin sayen murhu 750,000, shirin da ya fi yin suna wajen jayayya.

Sai dai kuma alƙalin wannan al'amari ita ce matar da ke riƙe da muciya. Tuƙin tuwon dawa aikin ƙarfi ne. Duwatsu uku na riƙe gindin tukunya kam, alhali murhun ƙarfe marar nauyi rawa yake yi, wani lokaci ma ya kife. Save80 da tasa tukunyar yake zuwa, kuma ƙiraruwa yake ci, saboda haka dole a faskara itace ƙanana, wanda ƙarin aiki ne. Ga karan dawa da ake samu kyauta bayan girbi, ga girkin biki da na suna da ke bukatar babbar tukunya, ga sanyin hunturu da ke tara iyali a bakin wuta. Injiniyan da ya auna murhunsa da tafasa ruwa kawai a ɗakin gwaji bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Sannan ga maganar kuɗi. Duwatsu uku ba a sayensu, kuma a yawancin gidaje maigida ne zai fitar da kuɗin sabon murhu, alhali ba shi ke shaƙar hayaƙin ba.