Ellen Wilkinson: 'Yar Majalisar Da Ta Ƙara Wa 'Ya'yan Ma'aikata Shekara Guda A Makaranta

A ƙasar Ingila, kafin shekarar 1947, da zarar yaro ya cika shekara 14 da haihuwa doka ta yarje masa ya ajiye littafi ya nufi masaƙa ko ramin kwal. Galibin 'ya'yan ma'aikata kuwa haka suke yi, domin gida yana jiran ɗan abin da za su kawo a ƙarshen mako. Wadda ta tsaya kai da fata har aka ƙara musu shekara guda ita ce Ellen Wilkinson, wata 'yar majalisa ta jam'iyyar Leba wadda tsawonta bai kai ƙafa biyar ba.

An haife ta a 1891 a wata unguwar talakawa ta birnin Manchesta. Mahaifinta ma'aikacin masaƙar auduga ne, daga baya ya koma aikin inshora, kuma ɗan ilmin da yake da shi da kansa ya nema. Ellen ta taso da yawan laulayi, har takan daɗe a gida ba ta leƙa aji ba, amma karatu bai sha mata kai ba. Kowane mataki da ta taka, da taimakon karatu na gasa ta taka shi, tun tana shekara 11 har ta shiga Jami'ar Manchesta a 1910 ta karanta tarihi. Watau ta san cewa ƙofar da ta bi ƙunƙuntacciya ce, kuma sa'o'inta da yawa masu kaifin basira an bar su a waje.

Daga jami'a sai ta shiga aikin ƙungiyar ƙwadago. A 1924 aka zaɓe ta majalisar dokoki daga Middlesbrough, ta sha kaye a 1931, sa'an nan ta dawo a 1935 tana wakiltar Jarrow, wani gari da ya durƙushe bayan an rufe ma'aikatar ƙera jiragen ruwa wadda ita ce cinsa da shansa. A watan Oktoba na 1936 mutum 200 marasa aikin yi suka taka da ƙafa daga Jarrow zuwa Landan, tafiyar kusan mil 300, ɗauke da takardar kokensu, ita ma ta taka tare da su a wurare da dama. Gwamnati ba ta ba su komai ba. Amma tun daga ranar duk Ingila ta san "Jar Ellen", laƙabin da jan gashinta da zafin ra'ayinta suka jawo mata.

Da jam'iyyar Leba ta ci zaɓen 1945, Firayim Minista Clement Attlee ya naɗa ta Ministar Ilmi, ta zama mace ta biyu a tarihin Birtaniya da ta zauna a majalisar ministoci. Ta tarar da Dokar Ilmi ta 1944, wadda ta ce karatun sakandare ya zama kyauta, kuma kada yaro ya bar makaranta sai ya kai shekara 15. To, amma rubuta doka daban, cika ta daban. Irin wannan alkawari an taɓa yinsa a 1936, yaƙi ya zo ya shafe shi. Yanzu ga makarantu da bama-bamai suka rusa, ga baitulmali ya bushe, ga kuma yara kusan 400,000 da za a nema wa wurin zama da malamai.

Ba ta jira a yi gine-ginen alfarma ba. Ta sa aka kakkafa azuzuwa na wucin gadi a filayen makarantu, aka kuma faɗaɗa shirin gaggawa na horad da sojojin da aka sallama, shekara guda su fito malamai. Masu ƙorafi suka ce wannan ai bukkoki ne, ita kuwa a wurinta bukka da malami a ciki ta fi bakin injin masaƙa. A 1946 kuma aka fara raba wa 'yan makaranta madara kyauta kowace rana, domin wadda ta wakilci Jarrow ba ta bukatar a gaya mata cewa mai jin yunwa ba ya riƙe karatu.

Babbar gwagwarmayar ta zo a watan Janairu na 1947. Waɗansu 'yan'uwanta ministoci suka nemi a ɗaga ranar fara aiki da dokar, wai masana'antu suna ƙarancin hannu, ƙasa ba za ta iya rasa ƙwadagon yaran ba. Hujjarsu ba ta banza ba ce, gama tattalin arziki ya shiga wani hali. Sai dai duk wanda ya dubi lissafin zai ga 'ya'yan wa ake so su biya bashin, tun da ɗan mai hali ba ya barin makaranta a shekara 14. Ellen ta ƙi sakin jiki, majalisar ministoci ta goya mata baya.

Ba a rasa inda aka soke ta ba, har a cikin jam'iyyarta. Ta amince da tsarin da ke tace yara da jarrabawa suna shekara 11, kaɗan su tafi makarantun share fagen jami'a, mafi yawa su tafi waɗanda ba su kai su daraja ba. Mai yiwuwa ne wadda jarrabawa ta ɗaukaka ta kasa ganin aibin jarrabawa; masu sukar dai suna da gaskiya cewa 'ya'yan ma'aikata ne suka fi faɗuwa a wannan rariya.

Ta daɗe tana fama da ciwon fuka, sanyin hunturun wannan shekara kuwa ya yi tsanani ƙwarai. Ta rasu a Landan ran 6 ga Fabrairu, 1947, tana da shekara 55. Dokar ta fara aiki ran 1 ga Afrilu, kamar yadda ta nace. Shekara ta gaba da ta yi fatan a ƙara, watau a kai 16, ba ta samu ba sai a 1972.